Yadda Ake Yi wa Wurin Sarrafa Sharar Lambu Rajista a Jihar Fulorida

A Amurka, wanda ya yi niyyar buɗe wurin da za a riƙa kawo masa ganye da yankakkiyar ciyawa da rassan bishiya don ya mayar da su taki, ba gwamnatin tarayya zai nufa ba. Dokar tarayya ta shara, wadda aka kafa a 1976, ta bar wa kowace jiha ragamar kula da sharar da ba ta da guba. Shi ya sa abin da ya halatta a wannan jiha zai iya jawo tara a maƙwabciyarta. A jihar New York, misali, yawan kaya ake dubawa: wurin da ba ya karɓar fiye da kubik yadi (ma'aunin girman tarin kaya) 3,000 a shekara an yafe masa, daga nan zuwa 10,000 sai da rajista, abin da ya haura haka kuma sai cikakken izini. Ohio ta raba wuraren yin taki gida huɗu, ta sa na sharar lambu a aji na huɗu.

Wannan jagora a kan Fulorida ya tsaya. Can tsiro ba ya hutawa, ciyawa da bishiyoyi suna girma kusan duk shekara, ga kuma guguwar teku da kan kayar da itatuwa ba iyaka a dare ɗaya. Tun daga farkon 1992 jihar ta hana zuba sharar lambu a manyan jujin da aka shimfiɗa wa kariya a ƙasa, ko da yake daga baya an sassauta wa jujin da ke tatsar iskar gas. Wannan hani ne ya raya sana'ar. Hukumar da ke riƙe da ita ita ce Ma'aikatar Kare Muhalli ta Fulorida, da ake taƙaita sunanta DEP, mai hedikwata a Tallahassee, kuma ƙa'idojin suna cikin babi na 62-709 na kundin dokokin gudanarwa na jihar.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, takardar rajistar ba ta da wuya kuma ba ta da tsada. Nauyin yana cikin abin da ka sa hannu ka ce za ka yi.

Mataki na farko: ka san kayan da za ka karɓa

A idon dokar, sharar lambu ita ce duk wani tsiro da ya fito daga gyaran lambu ko sharar fili: sassaben bishiya da shuke-shuke, yankakkiyar ciyawa, ganyen kwakwa da danginta, gungume da kututture, har da ƙasa da duwatsun da suka biyo su. An haɗa da katako mai tsabta, wato wanda bai taɓa ganin fenti ko gam ko kwalta ko maganin gara ba.

Idan iya waɗannan za ka karɓa, rajista ta ishe ka. Idan kana son ƙara kashin dabbobi ko ragowar kayan miya daga kantuna, akwai rajistar hakan a babin, amma da ƙarin sharuɗɗa, musamman na kashe ƙwayoyin cuta ta hanyar zafi. In kuwa sharar gida ce a gauraye, ka fita daga sahun masu rajista gaba ɗaya, sai cikakken izini, da zanen injiniya da dogon bincike. Shawarata ga mai farawa ita ce ya tsaya kan sharar lambu zalla har sai ya gane filinsa da kasuwarsa.

Akwai waɗanda ba ruwansu da rajista. Mai yin taki a bayan gidansa da sharar gidansa, da manomin da ke yi a cikin harkar gonarsa ta yau da kullum, duk an yafe musu. Amma da ka buɗe ƙofa motocin masu gyaran lambu suka fara shigowa suna biyanka kuɗin juyewa, mai yiwuwa ka zama wurin sarrafa shara.

Mataki na biyu: fili

Kada ka biya kuɗin fili kafin ka je ofishin tsara ƙasa na gunduma. Rajistar jiha ba ta soke dokar gunduma ko ta birni. Idan an ware unguwar don gidajen zama, takardar DEP ba za ta cece ka ba. Wasu gundumomi, irin su Miami-Dade da Hillsborough, suna da hukumomin muhalli nasu da ƙarin sharuɗɗansu. Sannan akwai batun ruwan sama: idan za ka cike wuri ko ka daɓe shi ko ka canza hanyar ruwa, mai yiwuwa ka buƙaci wani izinin daban daga DEP ko ɗaya daga cikin hukumomin kula da ruwa guda biyar na jihar.

Daga nan sai awo. Kayanka, ɗanye ko sarrafaffe, dole su yi nisan ƙafa 100, kimanin mita 30, daga rijiyar ruwan sha ta maƙwabta wadda ta riga ka zuwa wurin. Dole kuma su yi nisan ƙafa 50, kimanin mita 15, daga kogi ko tafki ko dausayi. Wannan rangwame ne aka yi wa sharar lambu, domin sauran shara ƙafa 500 ake nema daga rijiya, 200 daga ruwa. Ba a kuma yarda ka zuba kaya cikin ruwa ko cikin ramin da ruwa ya kwanta ba.

Dalilin wannan awo a ƙarƙashin ƙafarka yake. Ƙasar Fulorida rairayi ce a kan dutsen farar ƙasa mai ramuka, ruwan ƙasa kuma a kusa yake ƙwarai, kuma daga nan mafi yawan mutanen jihar suke sha. Baƙin ruwan da ke tsatsowa daga gindin tarin ciyawa bayan an yi ruwan sama ba ya daɗewa kafin ya nutse. Saboda haka ka je ka ga filin da damina, tsakanin Yuni da Satumba, washegarin ruwa mai ƙarfi. Filin da ya yi kyau a watan Maris kan iya zama fadama a Agusta. Ka kuma lura da inda iska ke kaɗawa da gidajen da ke wannan ɓangaren, domin yawancin binciken da ake kai wa irin waɗannan wurare daga ƙorafin maƙwabta yake farawa.

Idan haya ka kama, ka karɓi rubutacciyar amincewar mai filin cewa ya san sana'ar da za ka yi kuma ya yarda. Za a nemi shaidar cewa filin naka ne ko kana da izinin mai shi.

Mataki na uku: tsara wurin, da gobara a ranka

Nan ne ya kamata ka fi ɓata lokaci. Dokar ta nemi shinge mai hana shiga da zubar da shara ba da izini ba, da hanyar kwantar da ƙura da hana tarkace tashi, da tanadin kashe gobara. Na farko da na biyu a bayyane suke: waya ko katanga, ƙofa mai kwaɗo, tankin ruwa na yayyafa wa hanya. Na ukun ne ke da bayani.

Sharuɗɗa uku ne. Hanya mai faɗin aƙalla ƙafa 20, kimanin mita 6, ta zagaye wurin gaba ɗaya, kuma ta zama mai biyuwa rani da damina. Kada wani ɓangare na kayanka ya yi nisan da ya wuce ƙafa 50 daga inda motar kashe gobara za ta iya tsayawa. Kuma kada a danne tari da inji.

Ka yi lissafin sharaɗi na biyu da kyau. Idan akwai hanya ta ɓangarori biyu, faɗin tari ba zai wuce ƙafa 100 ba. Idan ta ɓangare ɗaya ce, 50 ne iyakarsa. Ke nan filin da ka auna ba duka ne na kaya ba, kaso mai tsoka hanya ce. Mutane da yawa suna tsara wurin daidai a ranar farko, sai kaya su yi yawa, a fara juyewa a bakin hanya da niyyar kwashewa gobe, kafin wata biyu hanyar ta toshe.

Me ya sa dokar ta damu haka? Domin tarin niƙaƙƙen itace yana iya kama wuta da kansa, ba ashana ba sigari. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shi suna fitar da zafi. A ƙaramin tari zafin yana fita ta gefe. A babban tari mai tsayi, musamman wanda aka danne, zafin ba shi da mafita. Idan ya kai wajen digiri 70 zuwa 80 a ma'aunin Salshiyas, ƙwayoyin suna mutuwa, amma itacen da kansa ya ci gaba da haɗuwa da iska yana ƙara zafi, har ciki ya zama garwashi alhali waje bai nuna komai ba. Tarin da ya fi haɗari shi ne wanda bai jiƙe sharkaf ba kuma bai bushe ƙarau ba, wanda aka bari wata da watanni ba a taɓa shi ba.

Alamar farko sau da yawa da sassafe ake ganinta: wani ɗan rami a saman tari yana fitar da tururi fiye da sauran wurin, gefensa ya yi duhu, warinsa ya tashi daga na danshin ƙasa ya koma na ƙauri. Idan ka ga haka, kada kowa ya hau kai, domin ƙarƙashin zai iya zama kogon wuta. Ka kira 'yan kwana-kwana su tsaya da ruwa a shirye, sannan a riƙa yago tarin kaɗan-kaɗan da katafila, ana bazawa ana jiƙawa. Buɗe shi gaba ɗaya a lokaci guda iska kawai zai ba wutar. Irin wannan gobara kan yi kwanaki, wani lokaci makonni, hayaƙinta yana shiga gidajen mutane, masu asma da tsofaffi da jarirai su ne ke shan wahala.

Shi ya sa nake ganin ma'aunin zafi mai dogon tsinke, wanda ake cusawa cikin tari, ya fi kowane kayan aiki araha idan aka duba abin da yake karewa. Ka gayyaci ofishin kashe gobara na yankinka su zo su ga wurin tun kafin ka buɗe, su san ƙofa, su san inda ruwa yake. Suna kuma iya samun nasu ƙa'idar tsayi da girman tari.

Mataki na huɗu: cike takarda

Fom ɗin shi ne mai lamba 62-709.901(3). Za ka sa sunan wurin da adireshinsa, sunan mai shi da mai gudanarwa, irin aikin da za a yi da irin kayan da za a karɓa, sannan ka sa hannu cewa ka karanta ƙa'idojin kuma za ka bi su. Kuɗin dala 35 ne. Ana iya yi ta shafin intanet na ma'aikatar ko a aika ta gidan waya zuwa Tallahassee. Kada ka karɓi ko mota ɗaya kafin rajistar ta tabbata.

Shekarar rajista daga 1 ga Yuli take zuwa 30 ga Yuni. Mai zuwa duba ka kuwa yawanci daga ofishin shiyya zai fito, akwai guda shida, daga na Pensacola a arewa maso yamma har na West Palm Beach a kudu maso gabas. Ka kira naka tun kana shiri, ka gabatar da kanka.

Mataki na biyar: bakin ƙofa

Abin da aka yarda ya shigo shi ne sharar lambu da jakunkunan da aka ɗebo ta a ciki. Duk wani abu daban da ka tsinta, a kwandon shara za ka sa shi, ba a ƙasa ba, sannan a fitar. Abin da ke saurin ruɓewa yana wari, irin ragowar abinci, kada ya wuce awa 48. Abu mai guba ko sharar asibiti kuwa, nan take za a killace shi a kai inda ya dace.

Ka sa mutum mai ido ya tsaya a inda ake juyewa, ya duba kowace mota tun direban bai tafi ba. Abin da zai fi nema shi ne katakon da aka jiƙa da sinadarin CCA, haɗin arsenik da tagulla da kuromiyam. Saboda gara da danshi, an yi amfani da shi sosai a Fulorida wajen shinge da dandamalin bayan gida, har zuwa ƙarshen 2003 da aka daina sarrafa shi don aikin gidaje. Tsofaffin shingayen suna nan, kuma mai gyaran lambun da ya sare bishiya yakan haɗa da karyayyen shinge ya cusa a ƙarƙashin rassa. Sabonsa yana da ɗan kore-kore, amma wanda ya sha rana ya koma ruwan toka, da wuya ido ya bambance shi da katako mai tsabta. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce: duk katakon da ya yi kama da na shinge ko turke ko dandamali, a ware shi. Da ya shiga injin niƙa, arsenik ɗin ya bazu cikin kayan duka, kuma daga nan lambun wani zai tafi, inda yara ke wasa ko ake shuka tumatir.

Leda ma haka take. A yage jakunkuna a cire su kafin niƙa. Bayan niƙa sai ta zama ƙananan gutsattsari da rariya ba ta iya kamawa duka, mai saye kuma da ya ga ƙyallinta a taki ba zai dawo ba.

Mataki na shida: wa'adin kaya

Dokar ba ta son wurin rajista ya rikiɗe ya zama juji, don haka ta sa wa kaya wa'adi. Ɗanyen kaya dole a niƙa su ko a fitar da su cikin wata 6, ko cikin lokacin da zai ɗauke ka ka tara tan 3,000 ko kubik yadi 12,000, duk wanda ya fi tsawo. Wannan sassauci ƙaramin wuri yake taimaka wa. Injin niƙa itace yana da tsada ƙwarai, masu ƙaramin jari hayarsa suke yi, kuma ba ya biyan kuɗinsa sai kaya sun taru. Gungumen da kaurinsa ya kai inci 6 ko fiye ana iya ajiye shi har wata 12, muddin an ware shi daban. Sarrafaffen kaya kuma, niƙaƙƙen itace ko taki, dole ya bar wurin cikin wata 18.

Wannan wa'adi na ƙarshe shi ne ke kayar da mutane. Kuɗin shiga yana zuwa ne daga ƙofa, kowace mota da ta juye ta biya, don haka zuciya na son a yi ta karɓa. Fitar da kaya kuwa sai an nemi mai saye. Kafin ka buɗe, ka san wa zai kwashe: masu renon shuke-shuke, masu gyaran lambu, gonakin lemo da kayan lambu, masu haɗa ƙasar tukwane. Idan abin da ke fita bai kai abin da ke shigowa ba, ka rage karɓa, ko da kana ganin kuɗi na wucewa.

Takin kansa

Rajista ba ta koya maka yin taki, amma ta wajabta maka hana wari da ƙudaje da ɓeraye, kuma hanyar hakan ita ce yin aikin daidai. Bayan niƙa, ana jera kayan a dogayen layuka kamar kunyoyin gona, sai dai sun fi mutum tsayi kaɗan. Ɗanyar ciyawa tana da naitirojin da ruwa, itace da busasshen ganye suna da kabon. Ana neman wajen kashi 25 zuwa 30 na kabon ga kashi ɗaya na naitirojin. Ciyawar da aka bari ita kaɗai a tari tana manne wa juna, iska ta kasa shiga, cikin kwana ɗaya ko biyu ta fara ɗoyi. A gauraya ta da niƙaƙƙen itace ranar da ta iso.

Danshi kuma da hannu ake gwada shi. Ka damƙi kayan ka matse: idan ya dunƙule ya bar laima a tafinka, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, daidai ne. Idan ruwa ya zubo, ya yi yawa. Idan ya warwatse, a ba shi ruwa. Ma'aunin da aka saba bi don kashe ƙwayoyin cuta a irin waɗannan layuka shi ne zafin digiri 55 na tsawon kwana 15, tare da juyawa sau biyar. Ko inda ba a tilasta maka ba, ka bi shi, domin yana kashe yawancin irin ciyawa, kuma ba mai lambun da ke son ya sayi taki ya shuka wa kansa aiki. Takin da aka yi da sharar lambu zalla ana sa shi a ajin Y a tsarin jihar. Idan kuma za ka rubuta a buhu cewa yana ɗauke da sinadaran abincin shuka kaza da kaza, ka shiga hurumin Ma'aikatar Noma ta jihar, wadda ke kula da dokar sayar da taki, sai ka tuntuɓe ta tukuna.

Mataki na bakwai: kundi, rahoto da sabuntawa

Ka riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kowane wata, ka ajiye kundin aƙalla shekara uku inda mai duba zai iya gani. Da tan za ka auna ko da kubik yadi, zaɓi ya rage naka, amma ka tsaya kan ma'auni ɗaya ga shiga da fita. Wanda ba shi da sikeli sai ya auna bayan motocin da suka saba zuwa, ya san abin da kowacce ke ɗauka. Ka riƙa sa wa kowane tari alamar watan da aka fara shi, domin da ita kaɗai za ka iya nuna cewa bai wuce wa'adi ba.

Zuwa 1 ga Yuli na kowace shekara za ka sabunta rajista, ka biya dala 35, ka haɗa da rahoton shekarar da ta gabata daga Janairu zuwa Disamba, a kan wannan fom ɗin dai. Lissafin ya kamata ya haɗu: abin da ke ƙasa a farkon shekara, da abin da ya shigo, a cire abin da ya fita da abin da ya ragu ta ruɓewa, ya ba da abin da ya saura. Ka yi shi tun a watan Mayu, kafin lokacin guguwa ya kama a 1 ga Yuni.

Guguwar ma tana da nata tsari. Bayan irin su Irma a 2017 da Ian a 2022, tarkacen itatuwa ya fi ƙarfin wuraren da ake da su, kuma a irin wannan hali ma'aikatar kan ba ƙananan hukumomi damar buɗe filayen tara tarkace na wucin gadi ƙarƙashin umarnin gaggawa. Wannan dama daban take da rajistarka. Kada ka ɗauka cewa don an shiga halin gaggawa hanyar motar kashe gobara da wa'adin kaya sun faɗi a wurinka. Ka kira ofishin shiyya kafin ka karɓi abin da ya fi ƙarfin filinka.

Wurin da ya kasa cika sharuɗɗan yana iya rasa damar aiki da rajista, a ce sai ya nemi cikakken izini, ban da tara. Ranar da kuma ka yanke shawarar rufewa, ba a kulle ƙofa a tafi. Duk abin da ya saura, ɗanye da sarrafaffe da tarkacen da aka tsince, sai an kwashe shi an yi amfani da shi ko an kai inda doka ta yarda, sannan ka sanar da ma'aikatar cewa ka daina aiki.